Haɗa Kwamfuta da Hannu: Abin da Ɗan Koyo Ya Gani



Da farko ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni dama in tsaya a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da zan yi magana a kai nesa ba kusa ba. Ni Labarin Ƙasa nake karantawa, ban taɓa zama ajin injiniya ko na kimiyyar kwamfuta ba ko da na rana ɗaya. Abin da kawai zan iya bugun ƙirji da shi shi ne, a hunturun shekarar 2024 na sayo sassan kwamfuta ɗai-ɗai, na zauna a ɗakin zauren gidanmu na haɗa su da hannuna, ta kuwa tashi, har yau da ita nake aiki. Saboda haka jawabin nan na ɗan koyo ne zuwa ga 'yan koyo. Inda na yi kuskure, malamai da masana su gyara mini, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Larura ce ta kai ni ga wannan aiki. A sashenmu yanzu ba a tsaya ga zana taswira da alƙalami da tawada kaɗai ba, akwai wata manhaja mai suna QGIS wadda ake haɗa taswira da ita, kyauta kuma ake samunta. To, amma tsohuwar kwamfutar cinya da nake ara wurin abokin kwanana, da zarar na ɗora mata hoton tauraron ɗan'adam sai ta sandare, sai in zauna ina kallonta tana kallona. Shagon kwamfuta kuwa da awa ake biya, ga layi, ga surutu. Da na je tambayar sabuwa wadda za ta iya aikin, kuɗin da aka faɗa mini sai da na nemi wurin zama. Kun san dai tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani kayan da ake shigowa da shi kuwa ya bi ta.

Kuɗin da na tara na koyar da yara darasi lokacin hutu bai kai rabi ba. Mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta biyu ta cika mini. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ranar da ta miƙo mini kuɗin a ƙulle cikin gefen zane, cewa ta yi, “Kai ɗan nan, ni ban san abin da za ka saya ba, amma ka sani babu wasu tumakin a baya.” Na faɗi wannan ne don ku san cewa lokacin da na ɗauki sukudireba, hannuna rawa yake yi, don in na ƙona wani abu, babu na sake saye.

ASALIN AL'AMARIN

Kafin in shiga bayanin sassa, ya kamata in kawar da wani tunani da ya daɗe yana hana mu motsi, watau ɗaukar da muke yi cewa kwamfuta wata aba ce rufaffiya wadda ba mai buɗe ta sai wanda ya ƙera ta. Tarihinta bai nuna haka ba. Gaskiya ne kwamfutocin farko sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Wadda ake kira ENIAC, da aka nuna wa duniya a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka a 1946, nauyinta ya kai tan 30, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, ɗaki guda ta cika. Amma a 1971 kamfanin Intel ya fito da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai lamba 4004, wadda aka cusa taransista 2,300 a cikinta, ga ta kuwa ba ta fi farce girma ba. Daga nan hanya ta buɗe.

A watan Janairu na 1975 wata mujallar masu sha'awar lantarki a Amurka ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800 a bangonta. A warwatse ake sayar da ita a kan dala 397, mai saye shi zai zauna da dalma ya liƙa sassan da kansa. Ba ta da allon rubutu, ba ta da allon kallo, sai 'yan makunnai da fitilu a gabanta, abin da take iya riƙewa kuwa bai wuce haruffa 256 ba. Duk da haka mutane suka yi ta rububinta. Don ita ne wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka rubuta manhajarsu ta farko da suka sayar da sunan Microsoft, kamfanin da suka kafa a shekarar nan. A watan Maris na 1975 kuma wasu masu wannan sha'awa suka fara taruwa a wani gareji a Kalifoniya suna nuna wa juna abin da kowa ya haɗa. Cikinsu akwai Steve Wozniak, wanda ya tsara Apple ta farko da aka sayar a 1976. Ita ma allo ne tsirara, mai saye shi zai nemo mata akwati da allon rubutu.

Abin da ya fi shafarmu ya faru ne ran 12 ga Agusta, 1981, sa'ad da kamfanin IBM ya fito da tasa kwamfutar. Saboda gaggawa, bai ƙera kome da kome da kansa ba, ya sayo ƙwaƙwalwa daga Intel, ya karɓi manhaja daga Microsoft, sa'an nan ya buga littafi mai bayanin yadda aka tsara cikinta. Wannan ya ba wasu kamfanoni damar yin sassan da za su dace da ita. A 1995 kuma Intel ya fito da ƙa'idar da ake kira ATX, wadda ta tsayar da girman allo, da inda ramukan noti za su kasance, da irin wayar wuta. Albarkacin wannan ƙa'ida ne yau za ka sayi akwati na wani kamfani, allo na wani, wuta ta wani, su zauna daram kamar tare aka yi su. Ashe ke nan wanda ya haɗa tasa da hannu bai yi wani baƙon abu ba, hanyar da magabatan sana'ar suka bi ita ya bi.

SASSA BAKWAI

Sassan da ba makawa sai da su guda bakwai ne. Na farko shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, shi ne filin da kowane sashe ke zama a kansa, ta cikinsa kuma suke magana da juna. Na uku shi ne RAM, na huɗu ma'ajiya. Waɗannan biyu su suka fi rikita ɗan koyo, don dukansu da gigabait ake auna su. Ku ɗauki ma'ajiya a matsayin rumbu, RAM kuwa faifai ne da ake ɗebo hatsi a kai a yi aiki. Rumbu yana riƙe abinsa ko an ɗauke wuta, faifai kuwa da an kashe na'ura an kaɗe shi ke nan. In faifanka ƙarami ne, kome girman rumbunka sai ka yi ta kai da kawowa, aiki ya yi ta jan ƙafa. Wannan ita ce cutar kwamfutar abokina. Na biyar shi ne akwatin wuta, wanda aka fi sani da fawafak, aikinsa ya karɓi wutar bango mai bolt 230 ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3 waɗanda sassa ke ci. Na shida fankar sanyaya furosesa, na bakwai akwatin da za a zuba su duka. Bayan waɗannan sai allon kallo da allon rubutu da linzami, su kam na hannu ma sun wadatar.

Akwai na takwas, watau katin hoto, wanda masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo ke nema, sau da yawa kuma shi ya fi kome tsada. Ni ban saye shi ba, don akwai furosesa da ke ɗauke da nata sashen hoto a ciki. Wadda na zaɓa ita ce Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, tana da cibiya 6, wutar da aka ƙiyasta mata kuwa wat 65. Na haɗa mata RAM mai gigabait 16, sanda biyu masu takwas-takwas, da ma'ajiya mai gigabait 500, da fawafak mai wat 450. Amma a lura, ba kowace furosesa ke da sashen hoto ba. Wanda ya sayi marar shi, bai kuma sayi kati ba, zai kunna ya ga duhu.

Game da ma'ajiya, iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai faifan ƙarfe da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, akwai kuma SSD wadda ba abin da ke motsi a cikinta. Mai faifai tana karanta wajen megabait 200 a daƙiƙa, SSD ta waya tana kai wajen 550, wadda ake sokawa a jikin allo kuwa, mai suna NVMe, tana kai 3,500 har ta wuce. Ko wanda ba zai haɗa sabuwa ba, in ya musanya wa tsohuwar kwamfutarsa faifai da SSD, zai ga kamar an canza masa ita.

DACEWA KAFIN SAYE

Babban aikin yana kan takarda, tun kafin a je kasuwa. Kowace furosesa tana da irin gurbin da take shiga, gurbin kuwa a jikin babban allo yake. AMD yana da gurbin AM4 da ya fito a 2016, da AM5 na 2022. Intel yana da nasa, kamar LGA 1700 na 2021. Ba wadda ke shiga gurbin wata, kome ƙarfinka. Haka RAM: akwai DDR4, akwai DDR5, dukansu haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Allon AM4 DDR4 yake ci, na AM5 kuwa DDR5 kaɗai. Sa'an nan girman allo ya dace da akwati: cikakken ATX milimita 305 ne da 244, ƙaraminsa 244 da 244.

Akwai wani tarko da ba a gani da ido. A jikin kowane allo akwai 'yar manhaja da ake kira BIOS, ita ke fara tashi ta gane sassa. In an ƙera allo kafin furosesarka ta fito, yana yiwuwa gurbi ya dace amma allon bai san ta ba, sai an sabunta masa BIOS. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka sayi allo da furosesa wuri ɗaya, ka ce mai shago ya gwada su a gabanka kafin ka ƙirga masa kuɗi, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan. Kunyar mara kunya asara ce.

Wurin da na kusa faɗawa rami shi ne fawafak. Kuɗi sun fara ƙarewa, wani mai shago ya miƙo mini wani marar suna, an rubuta masa wat mai yawa a jiki, kuɗinsa bai kai rabin na kirki ba. Allah Ya taimake ni na tafi da wani dattijo maƙwabcinmu mai gyaran rediyo da talabijin. Ya karɓa ya jinjina a hannu, ya ce, “Yaro, mai da masa. Wannan ba kome a cikinsa sai iska. Ranar da zai mutu ba shi kaɗai zai tafi ba.” Na ce, “Baba, ai kuɗin ne ba su kai.” Ya ce, “To, rage a wajen akwati, akwati ba ya ƙona kowa.” Haka aka yi, na sayi akwati na gwanjo mai tsatsa a gindi, na sa kuɗin a wuta. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, amma ku nemi mai sunan kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isar da ita ga sassa. Kada kuma wani ya kuskura ya buɗe cikin fawafak, don yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

RANAR HAƊAWA

Kayan aiki ba su da yawa: sukudireba mai bakin kuros, da tebur mai tsabta, da ɗan kwano na zuba noti, da littafin da ya zo da allo. Littafin nan shi ne malaminka, kada ka jefar da shi tare da kwali.

Abu na farko da za a kiyaye shi ne wutar jiki. Kowa a nan ya san yadda in hunturu ya kankama, mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya tuɓe rigar sanyi ya ji wani ɗan tsartsi. Bushewar iska ke kawo shi. Sai ya kai wajen bolt 3,000 kafin mutum ya ji shi, alhali ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu sassan, ba ƙara, ba hayaƙi. Don haka kada a yi aiki a kan darduma ko bargo, a riƙa taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin a ɗauki kowane sashe, a kuma kama shi ta gefe, ban da taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya.

A kan kwalinsa ake ɗora allo a fara. A ɗaga ɗan ƙarfen da ke gefen gurbi, a dubi kusurwar furosesa mai alamar dala, a daidaita ta da irin alamar a jikin gurbin, a sake ta a hankali. Da nauyinta za ta zauna. In ba ta zauna ba, ba daidai take ba, a ɗaga a sake dubawa. Ta AM4 allurai 1,331 ne a ƙarƙashinta, in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Sa'an nan sai man da ke kai zafi daga furosesa zuwa fanka. Wasu fankoki da shi suke zuwa a shafe, in babu a ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya. In akwai leda a gindin fankar a ɓare ta. A ɗaure noti huɗun kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan mai kallonta, kamar yadda ake ɗaure tayar mota, a soka wayar fankar inda littafi ya nuna. Daga nan sai SSD, a soka ta a karkace, a kwantar, a ɗaure da ɗan notinta. Sai RAM: in sanda biyu ne a allo mai gurbi huɗu, galibi na biyu da na huɗu ake sa wa, don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa.

Bayan haka sai akwati. A nan na yi kuskurena na farko. Akwai wani ɗan farantin ƙarfe mai ramuka da ake maƙalawa a bayan akwati kafin a sa allo. Sai da na ɗaure kome tsaf, na zauna ina yaba kaina, na hango shi a kan tabarma yana ƙyalli. Dole na kwance duka na sake. A kuma tabbata 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗaga allo daga jikin akwati suna daidai ramukan allon, ba ƙari ba ragi, don in bayan allo ya taɓa ƙarfe wuta za ta haɗu. Sa'an nan wayoyi: babba mai baki 24, da ta furosesa mai baki 8 a can sama, da 'yan ƙananan da ke zuwa makunnin gaba, waɗanda sai da tocila da haƙuri.

DAREN DA ALLO YA ƘI HASKE

Wajen ƙarfe tara na dare na gama. Ƙannena sun cika ƙofar ɗaki. Na danna makunni, fanka ta juya, fitila ta kama, allon kallo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, haka. Na sake, haka. Jama'a, ban taɓa jin gumi irin na daren nan ba, ga shi kuwa ana tsakiyar sanyi. Ba abin da nake gani sai tumakin nan biyu. Inna ta leƙo ta ce, “Yaya, ta yi?” Na ce, “Saura kaɗan, Inna.” Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta saki labule ba ta ƙara cewa kome ba. Daren nan ban runtsa ba.

Da sassafe na sallama wa Baba mai rediyo. Shi bai taɓa haɗa kwamfuta ba, amma ya shekara talatin yana bin wuta a cikin waya. Ya ce, “Me da me ka taɓa tun jiya?” Na ce kome da kome na taɓa. Ya ce, “Shi ne ba ka san inda ciwon yake ba. Fara da abin da ya fi araha, ka taɓa abu ɗaya, ka gwada, sa'an nan ka wuce.” Muka duba wayar allon kallo, lafiya. Muka duba mai baki 24 da mai baki 8, lafiya. Da muka zo kan RAM sai ya sa tabarau ya ce, “Wannan sandan ai bai kai ƙasa ba.” Ashe tsoron kada in karya ya sa ban danna sosai ba, maƙallin gefe ɗaya bai rufe ba. Na zare wuta, na cire sandan, na mayar, na danna da manyan yatsu biyu har na ji ƙas. Na kunna. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ga rubutu ya bayyana, ga sunan furosesa, ga gigabait 16 cif.

Abin da na koya a nan ya fi kwamfutar kanta daraja a wurina. Furosesa ba ta son ƙarfi ko kaɗan, RAM kuwa sai da ƙarfi, littafi da tambaya ne kaɗai za su gaya maka wanne ne wanne. Na biyu, in abu ya ƙi, tsoro yakan sa mutum ya tafi can ga mafi munin zato, alhali sau da yawa matsalar tana nan kusa. Da na gwada allon tun yana kan kwali, kafin in sa shi a akwati, da na huta da rabin wahalar.

Abin da ya rage shi ne manhajar da ke tafiyar da na'ura, wadda ake ɗorawa daga filashi mai gigabait 8. Mai son Windows ya sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa da tsofaffin alluna da yawa ba su cika ba, sai a duba kafin a sayi na gwanjo. Ni Ubuntu na sa, wadda reshe ce ta Linux, kyauta kuma halal, ba sai an nemi kofin sata ba. Linux ɗin nan kuwa wani ɗalibi ne ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, a kan kwamfutar da ya saya da bashi. Sa'anmu ne a lokacin.

HALIN ƘASARMU

Littattafan da ke zuwa da kayan nan ba don mu aka rubuta su ba, saboda haka akwai abu uku da ba za su gaya muku ba. Na farko wuta. Takan zo da rauni, takan zo da hauka, takan tafi ba sallama. Lalle a sa sitabilaiza, in da hali a ƙara da UPS, wanda zai riƙe na'ura 'yan mintoci har ka adana aikinka ka kashe. Irin tawa, har da allon kallo, da wuya ta ci wat 150, don haka ƙaramin inbata yana ɗaukarta. Na biyu zafi. A watan Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura 40, kada a cusa akwati a lungu, a bar masa sarari ta gaba da baya. Na uku ƙura. Bayan kowane hunturu a zare wuta, a buɗe, a busa, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza.

Ba kuma zan ɓoye muku ba, wannan hanya ba ta kowa ba ce. Wanda ke kwana a ɗakin ɗalibai, inda wuta ba ta da tabbas, kaya kuma ba su da tsaro, wanda aikinsa bai wuce rubutu da karatu ba, kwamfutar cinya ta fi masa, don tana da batir, tana kuma shiga jaka. Sa'an nan ba kullum haɗawa ke fin saye araha ba. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke yi. Wani lokaci tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, a ƙara mata RAM da SSD, ita ce dabara. Ribar haɗawa ita ce ka san abin da ke ciki, ka sa kuɗinka inda aikinka ke bukata, in wani sashe ya mutu ka canza shi kaɗai, in ka samu hali gaba ka ƙara.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Shugaba, zan rufe da roƙo guda uku. Na farko, akwai matattun kwamfutoci jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshi da sassa, ƙura tana cinsu. Ina roƙon ƙungiya ta rubuta wa hukuma ta nemi a ba mu ko guda goma, a samu ɗaki ɗaya, duk ranar Asabar ɗalibai su zo su kwance su ɗaura. Wanda ya fara koyo a kan matacciya ba zai yi gumin da na yi ba, cikin goma ɗin nan kuwa ba mamaki a tayar da uku. Na biyu, a buɗe ƙofar ga 'yan'uwanmu mata daidai da maza. Aikin nan natsuwa yake so da kaifin ido, ƙanwata 'yar aji biyu a sakandare ita ta soka mini wayoyin makunni da suka gagare ni. Na uku, 'yan sashen Hausa su zauna da 'yan kimiyya a daidaita sunayen sassan nan, a buga ɗan littafi, domin irin su Baba mai rediyo, waɗanda suke da hannu da basira amma Turanci ya tare musu hanya, su samu shiga. Kun ji yadda ni kaina na yi ta kame-kamen suna a jawabin nan.

Ranar da na buga taswirar farko, ta unguwarmu, na kai wa Inna na nuna mata rufin gidanmu da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, “To, in ka gama karatun, ka tuna ana binka tumaki biyu.” Bashin nan yana wuyana har yanzu, ina kuwa fatan biya da riba.

 Wanda yake da tambaya, ko yake son ganin cikin akwatin da idonsa, ga shi nan na zo da shi, da sukudireba a aljihuna.